WA ZAI SHIGA DOMINMU?

Ya 'yan'uwa, wanda ya taɓa kai kuka fadar sarki ya san yadda a ke yi. Talaka ba ya kutsa kai zauren sarki haka kawai. Sai ya fara zuwa wurin mai gari, mai gari ya raka shi, ko kuwa ya nemi wani bafade wanda sarki ya san fuskarsa. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa, wani ya faɗi maganarsa a madadinsa. In haka a ke yi wa sarki mai mutuwa, wanda ya ke cin tuwo kamar mu, to, yaya za a yi da Allah Maɗaukaki?

Wannan tambaya ta dami 'yan adam tun dā. Mutum ya san akwai wanda ya fi shi. Ya kuma san, ko bai faɗa ba, hannunsa ba shi da tsabta. Saboda haka kusan kowace al'umma ta keɓe wani mutum ta ce masa, kai ka shiga dominmu. Littafi Mai Tsarki ya kira irin wannan mutum firist. A Ibraniyawa sura 5 an bayyana aikinsa: daga cikin mutane a ke ɗauko shi, a sa shi ya tsaya musu a gaban Allah, ya miƙa baiko da hadaya saboda zunubi. Annabi ya kan fito daga wurin Allah ya fuskanci mutane. Firist kuwa ya kan fito daga cikin mutane ya fuskanci Allah.

A ƙasarmu, zamanin kakanni

Ba sai mun yi nisa ba. Littafin tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ya zauna a kan dutsen Dala kafin sarautar Bagauda. Shi ne mai tsafin Tsumburbura. An kewaye wurin tsafin da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. In lokaci ya yi, jama'a su taru a gindin dutse da baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare. Barbushe ya shiga da dare, ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu sake gamuwa da mutum ɗaya mai shiga bayan shamaki, jama'a suna jira a waje.

A ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, akwai Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Mutane da yawa sun san sunan Sarauniya saboda ta tsaya wa rundunar Faransawa a shekara ta 1899, amma ainihin aikinta na tsafin ƙasa ne, neman ruwa da lafiyar gari. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, Azna sun shahara da arwa da buɗin daji, inda a ke duba yadda damana za ta kasance. A Tsibirin Gobir Inna ce uwar 'yan bori, a Maraɗi kuwa Iya. Ban da waɗannan manya, kowane gidan Azna yana da nasa mai yanka, watau maigida. Kafin shuka shi zai zub da jini domin Uwar Gona, ko Kure, ko wani iskan gidansu. Kowane iska da launin dabbar da ya ke so, wannan ja, wannan baƙa, wancan fara.

Kada mu yi wa kakanninmu dariya. Mutanen da suka ga fara ta cinye hatsi, suka ga rijiya ta ƙafe, suka binne 'ya'ya uku cikin rani ɗaya, ba wasa su ke yi ba sa'ad da su ke yanka. Tsoro ne. Sun san akwai Allah, amma sun ɗauka ya yi nisa, ba ya jin maganar talaka, sai su lallashi iskokin da su ke kusa. Abin baƙin ciki shi ne, iska ba ya ƙoshi. Ka ba shi bana, baɗi yana nan yana jira.

A sauran ƙasashe

A Masar ta dā firistoci su kan aske jikinsu duka, su yi wanka dare da rana, su sa fararen tufafi na lilin. Yusufu ɗan Yakubu ya auri 'yar ɗaya daga cikinsu, firist na birnin On. Sa'ad da yunwar nan ta shekara bakwai ta sa Masarawa suka sayar wa Fir'auna gonakinsu, gonakin firistoci kaɗai ba a saya ba, domin Fir'auna ne ke ciyad da su (Farawa 47). A birnin Roma kuma an keɓe 'yan mata shida su tsare wutar allahiyar gari. Tun suna ƙanana a ke ɗaukarsu, su yi shekara 30 ba aure. Wadda ta bar wuta ta mutu a yi mata bulala. Wadda ta san namiji a binne ta da rai.

Majusawa, waɗanda har yanzu akwai su a Iran da Indiya, firistocinsu su kan yi wa wuta mai tsarki hidima sau biyar a yini. Su kan rufe hanci da baki da farin ƙyalle, don kada numfashinsu ya ƙazantar da ita. Ɗa ne ke gadon ubansa a aikin. Masana da yawa suna cewa daga sunan Majusawa ne aka sami kalmarmu ta Maguzawa. A addinin Hindu kuwa, firist ya kan tashi da asuba ya kaɗa ƙararrawa ya ta da gunki, ya yi masa wanka, ya sa masa tufafi da furanni, ya ajiye masa abinci, ya kewaya masa fitila. Da dare ya kwantar da shi. Bisa ga al'adarsu 'yan zuriyar Birahman ne ke wannan aiki, ko da ya ke yanzu a waɗansu jihohin Indiya an fara naɗa waɗanda ba na zuriyar ba.

Ƙasashen nan sun yi nisa da juna, harsunansu ba ɗaya ba, amma ku dubi yadda hanyarsu ta zo kusa. Firist ba kowa ba ne, sau da yawa sai an gada. Dole ya tsarkake kansa fiye da sauran mutane. Jama'a ne ke ciyad da shi. Aikinsa kuma ba ya ƙarewa.

Haruna da 'ya'yansa

Akwai firistoci waɗanda ba mutane ne suka ƙago su ba, Allah da kansa ya naɗa su. Sa'ad da ya fito da Isra'ilawa daga Masar ya zaɓi kabilar Lawi domin hidimar alfarwarsa. Daga cikin Lawiyawa kuma ya zaɓi Haruna, wan Musa, da 'ya'yansa maza su zama firistoci. Kwana bakwai aka yi ana keɓe su. Musa ya yi musu wanka, ya sa musu tufafi, ya zuba wa Haruna mai a kā. Sa'an nan ya ɗibi jinin rago ya shafa a leɓatun kunnensu na dama, da babban yatsan hannun dama, da babban yatsan ƙafar dama (Littafin Firistoci 8). Kunnen da zai ji, da hannun da zai yi aiki, da ƙafar da za ta yi tafiya, duka sun zama na Allah.

Aikin yana da nauyi. Kowace rana ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da maraice, ban da hadayun da mutane ke kawowa. Wutar bagade ba za ta mutu ba. Turare safe da yamma. Fitilu a gyara su a zuba mai. Kowace Asabar a sake malmalar gurasa 12 a kan tebur, ɗaya domin kowace kabila. Firist mahauci ne, gama shi ke yayyafa jini ya jera nama a kan wuta. Malami ne, gama shi ke koya wa jama'a bambancin mai tsarki da marar tsarki. Alƙali ne a shari'a mai wuya. Har shi ne mai duba ciwon fata: wanda tabo ya fito masa sai a kai shi wurin firist, ya duba, ya tsare shi kwana bakwai, ya sake dubawa. Amma ku lura, dubawa kaɗai ya iya. Ya kan ce wannan kuturu ne, ya fita bayan zango. Warkarwa ba ta hannunsa.

Sa'ad da aka raba ƙasar Kan'ana, kowace kabila ta sami yankinta, ban da Lawi. An ba su garuruwa 48 da makiyaya kewaye da su, 13 daga ciki na firistoci ne. Abincinsu daga hannun jama'a ya ke fitowa. Lawiyawa su karɓi zaka, su kuma su fid da zakar zaka su ba firistoci. In an yi hadaya ta salama, ƙirji da cinyar dama na firist ne. In hadaya ta ƙonawa ce, fata tasa ce. An hana shi shan ruwan inabi in zai shiga alfarwa. An hana shi taɓa gawa sai ta danginsa na kusa, babban firist kuwa ko gawar uwarsa da ubansa. Mai lahani a jiki zai ci abincin firistoci, amma ba zai matso bagade ba.

Allah bai ɗauki wannan iyaka da wasa ba. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna na cikinsa, suka kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take. Sarki Uzziya, bayan ya yi ƙarfi ya ci yaƙe-yaƙe, ya ga ai shi ma ya isa ya ƙona turare. Firistoci 80 suka bi babban firist suka tare shi. Yana cikin fushi, kuturta ta fito masa a goshi, ya zauna a keɓe har ya mutu (2 Tarihi 26). Rawani bai sa shi ya zama firist ba.

Rana ɗaya a shekara

A can ƙuryar alfarwa akwai ɗaki wanda a ke kira Wuri Mafi Tsarki. Labule mai kauri ya raba shi da sauran wuri. A ciki akwai akwatin alkawari. Ba mai shiga sai babban firist, shi ma rana ɗaya tak a shekara, ran 10 ga wata na bakwai, Ranar Kafara. Littafin Firistoci sura 16 ya ba da tsarinta, ya kamata kowane gida ya karanta shi.

A sauran ranaku babban firist ya kan sa tufafi na daraja: riga mai shuɗi da ƙararrawar zinariya a bakinta, ƙyallen ƙirji mai duwatsu 12 da sunayen kabilu a kansu, rawani mai allon zinariya a goshi. Amma a wannan rana ya kan tuɓe su duka. Ya yi wanka, ya sa farin lilin kamar bara. Da fari sai ya yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Ku ji fa, mutumin da zai roƙa wa jama'a gafara, sai ya fara roƙa wa kansa. Sa'an nan ya ɗauki garwashi da turare ya shiga bayan labule, hayaƙi ya rufe murfin akwati don kada ya mutu. Ya yayyafa jini da yatsa sau bakwai. Ya fito. A kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka shi, ya sake shiga da jininsa domin jama'a. Ɗayan kuwa, ya ɗibiya masa hannu biyu a kā, ya hurta laifofin Isra'ila duka a kansa, a kora shi jeji inda ba kowa.

Jama'a suna tsaye a waje, ba aiki, ba ci. In ya fito da rai sai zuciya ta kwanta. Amma har yaushe? Kafin su kai gida wani ya zagi maƙwabcinsa, wani ya yi ƙyashin jakin ɗan'uwansa. Baɗi sai wani bijimi, da waɗansu bunsuru biyu. Ku duba kayan alfarwa: akwai bagade, akwai daro, akwai tebur, akwai alkuki, akwai akwati. Ba kujera. Firist ba ya zama, domin aikin bai ƙare ba.

Su kansu firistocin ba duka suka yi gaskiya ba. Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, su kan aiki baransu da cokali mai yatsa uku ya tsoma cikin tukunyar mai hadaya ya kwashe abin da ya kama, har suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Masu kirki kuma, mutuwa ta kan ɗauke su. Yusufus, Bayahude marubucin tarihi, ya ƙidaya manyan firistoci 83 daga Haruna har ƙarshen Haikali. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu sojojin Roma a ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikalin Urushalima. Tun daga ran nan bagaden Yahudawa bai sake ganin jini ba.

Zuriyar Haruna suna nan har yau, da yawansu suna amsa sunan Kohen. A majami'a su a ke fara kira su yi karatun Attaura, su ke ɗaga hannu su sa wa jama'a albarka, masu riƙon addini a cikinsu kuma ba su shiga maƙabarta. Amma shugaban majami'a malami ne, watau rabbi, ba mai hadaya ba. Samariyawa kaɗai, waɗanda ba su kai mutum dubu ba, su ke yanka ragunan Idin Ƙetarewa kowace shekara a kan dutsen Gerizim, dutsen nan da matar bakin rijiya ta nuna wa Yesu.

Liman da fada

Maƙwabtanmu Musulmi za su gaya muku liman ba firist ba ne, gaskiyarsu kuwa. Liman yana gaba a sahu, amma alƙibla ɗaya ya ke fuskanta da na bayansa. Ya kan ja salla, ya yi huɗuba, ya ɗaura aure, ya raɗa suna, ya sallaci gawa. In ba ya nan, wanda ya fi sani a cikin jama'a ya wuce gaba. Ran Babbar Salla liman ya fara yanka, amma kowane maigida shi ke da ragonsa. Koyarwarsu ita ce ba wani tsakanin bawa da Ubangijinsa, kowa zai ɗauki kayansa. Duk da haka ku dubi yawan masu zuwa zauren malam da dare neman laya da rubutun sha. Zuciyar mutum ba ta daina neman wanda zai tsaya mata ba.

A cikin masu kiran sunan Almasihu ma akwai masu firistoci. 'Yan Katolika suna da fada, wanda ke miƙa jibi a bagade, ya kuma saurari masu hurta zunubi. A ikilisiyar Roma fada ba ya aure, dokar da aka ƙarfafa a babban taro na shekara ta 1139. A ikilisiyoyin gabas, irin na Girka da Masar da Habasha, mai aure ya kan zama firist, amma bishop ba ya da mata. A Habasha kowace majami'a tana da allo mai tsarki wanda su ke kira tabot, a ɓoye a ɗakin ciki, firistoci kaɗai ke ganinsa. Akwai masu tsoron Allah da yawa a cikin mutanen nan, waɗansu sun ba da ransu saboda sunan Yesu, ba mu raina su. Amma ga abin da muka gani a Littafi. Da Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar mai miƙa hadaya dabam ce, kalmar dattijo dabam. Manzanni sun kira shugabannin ikilisiya dattawa, da masu kula, da makiyaya. Ko sau ɗaya ba su ba wani shugaban ikilisiya sunan mai miƙa hadaya a kan sauran 'yan'uwa ba. Dalili ke nan.

Wanda ya shiga ya zauna

Yesu ba daga kabilar Lawi ya fito ba, daga Yahuza ne. Bisa ga shari'ar Musa ba shi da hurumin taɓa bagade. Amma tun kafin a haifi Lawi akwai wani firist, Malkisadik sarkin Salem, wanda ya tarye Ibrahim da gurasa da ruwan inabi, ya sa masa albarka, Ibrahim kuma ya ba shi zaka (Farawa 14). Ba a faɗi ubansa ba, ba a faɗi mutuwarsa ba. A Zabura 110 Allah ya rantse cewa Almasihu zai zama firist irin wannan, wanda ba gado ya ba shi ba, mutuwa kuma ba za ta tuɓe shi ba.

To, ku gwada shi da Haruna. Ya tuɓe darajarsa ta sama ya sa jiki irin namu. Ya san yunwa, ya san gajiya, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Bai bukaci bijimi domin kansa ba, gama ba shi da zunubi. Kuturu ya zo wurinsa, bai tsaya dubawa ba, ya miƙa hannu ya taɓa shi ya warke, sa'an nan ya aike shi wurin firist ya shaida. Da lokaci ya yi, Kayafa babban firist na Haikali ya yanke masa hukunci, bai sani ba ashe yana miƙa hadaya ta ƙarshe ne. Yesu ne firist, shi ne kuma ɗan ragon. Shi ne wanda aka yanka, shi ne wanda ya ɗauki laifi ya fita da shi bayan gari. Sa'ad da ya saki ransa, labulen Haikali ya tsage gida biyu, daga sama zuwa ƙasa (Matiyu 27). Da mutum ne ya yage shi, da daga ƙasa zai fara.

A rana ta uku ya tashi. Ya shiga sama kanta, ba alfarwar da hannu ya kafa ba, da jinin kansa, sau ɗaya. Sa'an nan ya yi abin da ba firist ɗin da ya taɓa yi: ya zauna (Ibraniyawa 10). Yana nan da rai yanzu yana roƙo domin masu zuwa wurin Allah ta wurinsa. Ayyukan Manzanni sura 6 ta ce firistoci masu yawa a Urushalima suka ba da gaskiya. Su da hannunsu ya saba da jini, su suka fi kowa sanin abin da aka sauke musu.

Ya mai karatu, in ba ka zo wurinsa ba tukuna, ba a neman bunsuru a hannunka, ba a neman ko dala. Ka faɗa masa laifinka da bakinka, da Hausarka, ka dogara ga jininsa.

Firistoci masu riƙe da hauya

Manzo Bitrus ya rubuta wa masu bi, talakawa da bayi da matan aure, ya ce da su su firistoci ne na gidan sarki (1 Bitrus 2). A shekara ta 1520 Martin Luther ya tuna wa mutanen Jamus wannan magana, cewa manomi da maƙeri da baduku, in sun ba da gaskiya, matsayinsu ɗaya ne da bishop a gaban Allah, aiki ne kawai ya bambanta. Hadayarmu ba ta jini ba ce. Jikinmu ne, da yabon bakinmu, da kwanon hatsin da muka kai wa gwauruwa (Romawa 12, Ibraniyawa 13).

To, fasto fa? Makiyayi ne, mai koyarwa. A girmama shi, a ji maganarsa in ta bi Littafi. A kuma ciyad da shi, gama Bulus ya ce yadda masu hidimar Haikali su ke ci daga Haikali, haka mai shelar bishara zai ci daga bishara. Abin kunya ne kaka ta yi, rumbunan 'yan ikilisiya su cika, na fasto yana wofi. Amma fasto ba boka ba ne. Addu'arsa ba ta fi ta tsohuwar da ke zaune a bayan ɗakin sujada saurin isa sama ba. In wani ya zo garinku da kwalabar mai ko ruwa, ya ce sai kun biya kafin Allah ya ji ku, ku tuna da cokali mai yatsa uku. A Listira firist na gunki ya kawo bijimai zai yi wa Bulus da Barnaba yanka, suka kyakketa rigunansu suka ce su mutane ne kamar kowa.

Ya maigida, a gidan kakanka maigida ne ke tsayawa domin iyali. Wannan aiki bai faɗi ba, ya sake kama ne. Ayuba ya kan tashi da sassafe ya kai 'ya'yansa gaban Allah ɗaya ɗaya. Kai ma bayan tuwon dare ka tara su, a karanta 'yan ayoyi, in ba ka iya karatu ba yaron da ke makaranta ya karanta. Ka ambaci kowa da sunansa, har wanda ya tafi cin rani. In maigida ba ya nan, ko ba mai bi ba ne, uwargida ta yi. Timoti a wurin uwarsa da kakarsa ya koyi Littafi.

Gwaji ya kan zo gab da shuka. Wan mahaifinka ya aiko a haɗa kuɗin akuyar da za a yanka a gandu. Kada ka aika yaro da amsa, kada kuma ka tsaya a kansa kana wa'azi. Ka tafi da kanka da maraice, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ni ɗanka ne, ba ni da wani gida sai wannan. Ran noma ni ne na fari a gona. In rumbunka ya yi ƙasa, nawa naka ne. Amma kuɗin yanka ka yafe mini, gama an riga an yi mini yanka, ba zan iya ƙara wani a kai ba." Watakila ya yi fushi. Watakila in ruwa ya yi jinkiri a ce kai ne ka jawo. Waɗansu 'yan'uwa an karɓe musu gona saboda wannan, ikilisiya kuwa wajibi ne ta tsaya musu da hatsi da wurin shuka, ba da baki kaɗai ba. Ka cika alkawarin da ka yi masa na noma, har ka ƙara.

Gwaji na biyu ya kan zo da tsakar dare. Jikin yaro ya yi zafi, yana fizge-fizge, fasto yana wani gari, kaka kuma tana cewa a kira mai bori. Ya uwar yaro, ba sai kin jira fasto ba, labule a tsage ya ke. Ki ɗora masa hannu ki kira sunan Yesu, ke da mahaifinsa. Sa'an nan a jiƙa zane a shafa masa, a ɗaura amalanke ko a nemi mai babur a kai shi likita tun cikin daren, gama zazzaɓin sauro ba ya jiran gari ya waye, maganin likita kuma ba tsafi ba ne. Kaka ma a tafi da ita in ta yarda, ta riƙe jikanta a hanya. Da safe a aika wa fasto da dattawan ikilisiya, kamar yadda Yakubu ya umarta a sura 5, su zo su tarar da ku can.